Ranar da na mayar da ruwan Kalala shuɗi

Shekarata ta biyu ke nan ina koyarwa a Bilma lokacin da maigidan da nake haya a wurinsa ya aiko a kira ni bayan sallar isha'i. Dattijo ne Babarbare, yana da ramukan gishiri a Kalala da 'yan itatuwan dabino, kuma tun ranar da na sauka garin daga Damagaram ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Baba nake ce masa. Shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba, Malam kawai. Ya ce an sa ranar auren autarsa, Agadas za a kai ta, kuma ya ga irin kundin hotunan da nake haɗa wa abokan aikina a kwamfuta in sun yi suna ko biki. Yana so in haɗa wa yarinyar irinsa ta tafi da shi.

“Inda za ta akwai nisa, Malam,” in ji shi. “In kewa ta taso mata, ta buɗe ta ga gida.”

Nisan kuwa ba na wasa ba ne. Tsakanin Bilma da Agadas akwai kusan kilomita 600, galibinsu rairayin Tenere, babu kwalta. Ayarin Abzinawa da ke zuwa ɗaukar gishiri da kaka makonni yake yi a hanya, ya yada zango a Fachi kafin ya iso. Manyan motoci ma kwanaki suke yi. Yarinyar da aka kai Agadas daga nan ba kowace Sallah take zuwa ganin gida ba.

Washegari ya miƙo mini ɗan katin waya ƙulle a bakin ƙyalle. Hotuna sittin da 'yan kai ne a ciki, yayyen amarya suka ɗauka cikin shekaru da wayoyi iri-iri. Ga Baba tsaye a bakin raminsa da rawani. Ga kantun gishiri jere a rana. Ga girbin dabino, ga raƙuman Buzaye durƙushe a bayan gari ana yi musu lodi. Sai hoto guda na mahaifiyar amarya, Allah ya jiƙanta, wadda ta rasu kafin zuwana garin. Tana zaune kusa da rami tana danna gishiri a kwano, ɗaure da zane ja mai duhu, irin launin da muke ce wa makuba. Baba ya ɗora yatsa a kansa ya ce wannan in sa shi a inda za ta fara gani. Na ce to. Ban tambaye shi ko akwai kwafin hotunan a wani wuri ba. Tambayar ba ta ma zo mini a rai ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, aikin da a da ake yi da almakashi da gam ne ya koma cikin na'ura. A da mutum zai sayi albam, ya liƙa hotuna, ya yanko fure daga tsohuwar kalanda ya manna a gefe, ya rubuta kwanan wata da biro. Yanzu manhaja ce ke ba ka shafi, ka ɗora hoto, ka sa masa firam, ka kawo ribom da fure da rubutu, kowanne a shimfiɗarsa dabam kamar an jera tabarmi ɗaya bisa ɗaya, kana iya zare ta tsakiya ba ka taɓa ta ƙasa ba. Daɗin abin shi ne kowane ado ana iya sake masa launi. Furen da ya zo ja, ka ja ɗan maɓalli ya koma ɗorawa. Akwai kuma wata alama mai kama da abin ɗiga maganin ido, in ka taɓa wani wuri da ita sai ta ɗebo maka launin wurin da lambarsa, ka zuba shi inda kake so. Ni da wata tsohuwar Photoshop nake aiki, in intanet ya yi kirki in leƙa Canva. Kayan adon kuwa sauko da su nake yi a shirye, kuma mafi yawansu a Amurka da Turai aka zana su, don bukukuwan can, da launukan can.

Ankon bikin ruwan bula ne da fari. Sai na samo wani tsarin ado mai shuɗi da ruwan azurfa, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ina fara jera hotunan a ciki na ga sun ƙi zama. Kowane shafi kamar an haɗa kishiyoyi a ɗaki ɗaya: gefe yana sanyi, tsakiya tana wuta.

Dalilin kuwa Kalala ce. Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci wurin gishiri fari ne fat. Ramuka ne birjik a gefen gari, tsakanin tudun ƙasar da aka haƙo tun kaka da kakanni, kuma da wuya ka ga biyu masu ruwa iri ɗaya. Wani ja ne kamar zoɓo, wani ruwan goro, wani ɗorawa, wani kamar shayin da ya daɗe a kan gawayi, wani ya ɗan yi kore-kore a gefe. Ana haƙawa ne har a tarar da ruwan ƙasa, ruwan ya narkar da gishirin da ke cikin ƙasar, rana ta yi ta shanye shi, sai wani siririn ɓawo fari ya kwanta a sama. Mai rami ya zo ya farfasa ɓawon ya nutse, wani ya sake fitowa, haka har gishiri ya taru a gindi a kwashe. Launin yana bin ƙasar wurin da abin da ya narke a cikinta da kuma yadda ruwan ya yi kauri. A wasu ruwayen gishiri na duniya ma ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke rina ruwan, kamar tafkin Retba da ke kusa da Dakar wanda ya yi suna da ruwan hoda. Na sha zuwa Kalala da yamma, na sha tsayawa a bakin ramin Baba muna hira. Na ga duk wannan da idona. Amma a matsayin kallo na gan shi, ban taɓa tambayar me launin ke faɗa wa mai ramin ba.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in sake wa adon launi ya bi hotunan. Abin da aka yi manhajar dominsa ke nan. Ni kuwa sai na juya abin. Adon ya burge ni, na ga kamar shi ne aikin gwani, hotunan kuwa na tsofaffin wayoyi ne, su ya kamata su rusuna. Na buɗe wurin sarrafa launi, inda ake da maɓallai uku, na jinsin launi da na kaurinsa da na haskensa. Na zaɓi ja da ɗorawa na ja su zuwa shuɗi. Cikin minti biyu ramin Baba ya zama kamar wani yankin teku. Kantu, wanda launinsa tsakanin toka da ƙasa yake, na ƙara masa haske har ya yi fari kamar alli, don ya dace da ruwan azurfar firam. Da na zo kan hoton marigayiya, zanen makuba ya tsaya a tsakiyar shafin farko yana faɗa da komai, sai na mayar da shi ruwan bula, har ina ce wa kaina ai ga ta ita ma ta shiga ankon 'yarta.

Akwai abin da na sani a karatu amma na yi biris da shi a aikace: fatar ɗan Adam, baƙi ne ko fari, ja da ɗorawa ne ginshiƙinta a cikin hoto. Duk wanda ya taɓa waɗannan launuka biyu ya taɓa fuskokin mutane. Fuskoki suka yi toka-toka kamar na masu jinya. Maimakon in tsaya in koma baya, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rage kaurin launi ina ƙara haske, har suka daina ba ni tsoro. Suka kuma daina kama da masu su, amma ido in ya daɗe a kan abu sabawa yake yi. Da dare nake aikin, don a garin da aka taɓa auna zafi ya kai digiri 48.2 a watan Yunin 2010 kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta jure rana. Ɗaki duhu, fuskar kwamfuta a ƙure da haske, batirin sola yana ƙarewa, ina sauri. Cikin kwamfutar ya cika, saboda haka kai tsaye daga katin Baba nake buɗe hotunan, in gyara, in danna adanawa.

A Bilma babu inda za a buga irin wannan kundi. Na ba wani direba fayil ɗin da kuɗin bugu, jika talatin da Baba ya ƙirgo mini, ya kai wani shago a Agadas. Ban nemi a fara buga shafi ɗaya na gwaji ba, lokaci ya ƙure. Nan ma wani rami ne na faɗa. Fuskar kwamfuta da haske take yin launi, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255, haɗuwarsu ta ba da launi sama da miliyan 16. Takarda ba ta da hasken kanta. Tawada huɗu injin ke zubawa, shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da ɗorawa da baƙi, kuma akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta kai su. Shuɗi mai ƙarfi yana cikin waɗanda suka fi ba masu bugu wahala, sau da yawa yakan fito a dushe ko ya karkata zuwa ruwan jar garura. Tun 1996 kamfanonin HP da Microsoft suka fitar da ma'aunin sRGB don na'urori su yi magana da murya ɗaya a kan launi, amma ma'auni ba ya gyara tsohuwar fuskar kwamfutar da ƙurar Bilma ta ci, ba ya kuma gyara idon da ke aiki a duhu.

Saura kwana uku ɗaurin aure kundin ya iso. Na kai shi tsakar gida da la'asar, cikin leda, ina jin kaina. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya goge hannunsa a riga, ya buɗe daga tsakiya. Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya ɗago.

“Malam, wannan ruwan na ina ne?”

Na ce raminsa ne, na ɗan gyara launin ne don ya dace da sauran.

“Mutumin dai ni ne, ga rawanina,” ya ce. “Amma ramin ba nawa ba ne. Ramin da ruwansa ya yi haka, ko ɗiban gishirin miya ba za a yi a ciki ba.”

Bai ɗaga murya ba. Ya kira babban ɗansa ya nuna masa, sai ɗan ya ce ai ko da ba a ga kowa a hoto ba, shi da launin ruwa yake gane wannan ramin nasu ne, wancan na maƙwabci ne, da launin kuma yake sanin ko ruwan ya nuna ko da saura. A nan na fahimci abin da na goge. Shekara arba'in na aikin mutum, da alamar da 'yarsa za ta gane gida da ita, na share su don su dace da ribom ɗin da wani ya zana a wata ƙasa.

Da ya kai shafin kantu sai ya girgiza kai. Gishirin Bilma ba iri ɗaya ba ne. Akwai beza, tsantsar gishiri mai tsabta, na ci. Akwai kantu, wanda ake dakawa a haɗa da ƙasar gishiri a zuba a gungumen dabino da aka fafe, ya fito dogo mai tsini, nauyinsa ya haura kilo 20, kuma na dabbobi ne. Akwai foci, ƙananan da mata ke yi a kwano. Wannan shi ne gishirin da kakanninmu ke kira balma a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma cinikinsa ya tsufa: Bature Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ayarin gishirin nan ya biyo daga Abzin zuwa kudu a ƙarshen 1850, ya kuma ratsa ta Bilma a 1855 yana komawa gida. Duk tsawon wannan zamani da ido da hannu ake ciniki. Buzu zai duba launi, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga ya ji nauyi, sannan a yi maganar gero nawa za a ba da.

“Surukaina 'yan kasuwar gishiri ne,” in ji Baba. “In suka ga kantu fari haka, ko su ce ban san aikina ba, ko su ce ina nuna abin da ba ni da shi.”

Ina tsaye ina neman abin cewa aka miƙa kundin cikin ɗaki wurin mata. Ba a jima ba na ji shiru ya sauka a ɗakin, irin shirun da ya fi kuka nauyi. Ƙanwar Baba, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ta fito da kundin a buɗe a shafin farko.

“Ɗan nan, wace ce wannan?”

Na kasa amsawa.

“Yarinya ta ce ba zanen uwarta ba ne, ba fuskar uwarta ba ce. Zanen nan shi ta fi so a duniya, da shi ake gane ta daga nesa. Garin neman gira ka rasa ido.”

Na ce su yi haƙuri, abu ne mai sauƙi, zan mayar da shi yadda yake a sake bugawa. Na koma ɗakina na sa katin. Hoton ya buɗe da zane ruwan bula. Na duba ko'ina, cikin kwamfuta, cikin kwandon shara, cikin wayata. Babu. A kan na asalin na adana. Na aika aka tambayi yayyenta, wanda ya ɗauki hoton ya ce wayar ta mutu tun tuni, shi ya sa aka cire katin aka ba Baba ya ajiye.

Mutane da yawa suna zaton launin da aka canza a kwamfuta kamar riga ce da aka ɗora, in an cire ta a ga ta ciki. Haka ne muddin gyaran yana shimfiɗarsa dabam kuma na asalin yana ƙasa. Da zarar an haɗe shimfiɗun an adana a kan fayil ɗin, an gama. Hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo lambobi uku ne, kuma sababbin lambobi sun zauna a gurbin tsofaffi. Da jinsin launi kaɗai na juya, da ana iya juyo shi kusa da yadda yake. Amma na rage kauri, na ƙara haske har wasu wuraren suka ƙone, ban rubuta adadin da na ja kowane maɓalli ba, ga shi kuma hoto irin na JPEG duk lokacin da aka sake adana shi sai ya zubar da wani abu daga jikinsa. Na kwana ina ja ina mayarwa. Zanen ya yi ja, ya yi ruwan hanta, ya yi ruwan ƙasa, ban san wanne ne gaskiya ba, don sau ɗaya na kalle shi da kyau kafin in ɓata shi.

Bayan sallar asuba na tare Baba a ƙofar masallaci na faɗa masa komai. Na ce hoton ba shi da wani kwafi, kuma ni na lalata shi da hannuna, ba injin Agadas ba, ba direba ba. Zuciyata ta so in ɗora wa masu bugu, tunda ga rawaninsa ma ya fito da wani launi dabam, kuma babu mai iya ƙaryata ni a garin. Na gode wa Allah da bai bar ni na yi ba. Baba ya yi shiru, yana jan carbi.

“Ka faɗi gaskiya, Allah ya yi maka albarka,” ya ce. “Da ka tambaya, Malam. Gidan nan cike yake da waɗanda suka san ta.”

Aka yi biki. Amarya ta tafi da kundin, amma sai da ta sa aka yanke shafin farko da reza. Na mayar wa Baba jika talatin ɗinsa, ya ƙi karɓa, na ba Gwaggo ta sa a kayan gara.

Bayan mako biyu Gwaggo ta yi sallama a ƙofar ɗakina da wani ƙunshi. Zanen ne. Tun rasuwar yana ƙasan akwatinta, yana ƙanshin turaren wuta. Ta ce in dai launi ne na ce na rasa, ga shi nan. A wannan zane na koyi daidaita launi, abin da shekaru ina taƙamar na iya.

Na fara ɗaukar hotonsa a ɗaki, ya fito kusan baƙi. Na fitar da shi rana tsaka, ya fito ja wur. Zane ɗaya, waya ɗaya. Ashe launin abu rabinsa na abin ne, rabinsa na hasken da ya sauka a kansa. Sai na koma ga hoton marigayiya na dubi inuwarta, doguwa ce, ta kwanta gefe, alamar hantsi ne ko la'asar. Gwaggo ta ce da safe take aikin foci. Muka ɗauki zanen muka tafi Kalala da hantsi, muka shimfiɗa shi a daidai inda take zama, na ajiye farar takarda a gefensa don in sami abin da zan ce wa manhaja wannan shi ne fari, ta auna sauran da shi. Na ɗebi launin a wuri uku, inda rana ta buga, inda ya ninke, da tsakatsaki, kuma ba daga ɗigo ɗaya ba, don ɗigo ɗaya yana iya zama ƙura ko zare, sai na sa ta haɗa matsakaicin ɗigogi masu yawa. Na rubuta lambobin a littafi da biro. Ruwan ramin ma haka na yi masa, a wannan sa'a, ina tsaye inda mai hoton ya tsaya.

Fuska ce ta gagara. Zane yana akwati, rami yana Kalala, fuska kuwa tana kabari. Babbar 'yar marigayiya, wadda aka ce ita ta ɗebo kalar fatarta, ta yarda na ɗauke ta a wurin da hasken. Daga nan Gwaggo ta zauna kusa da ni, dare uku, tana cewa ƙara duhu, ya yi yawa, rage, goshinta ya fi haka haske. Ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba, amma idonta ya fi nawa sau goma, don ita mutum take nema, ni lamba nake nema. Da muka gama ban yarda da fuskar kwamfutar ba kuma. Na jera hoton sau tara a takarda ɗaya, kowanne da ɗan bambanci da lambarsa, na aika Agadas aka buga a injin da zai buga kundin, a irin takardar. Mako uku muka jira. Da ta iso, Gwaggo da Baba suka fita da ita tsakar gida da safe, kowa ya duba shi kaɗai. Dukansu na shida suka nuna.

Sabon kundin daga cikin hotunan na ɗebo launukansa. Makuba daga zanen, ruwan goro daga ramin, tokar kantu, ɗorawar rairayi, sai shuɗi mai duhu daga rawanin Baba, turkuɗi ne irin na Kura ta ƙasar Kano, wanda ake rinawa da baba a buga shi har ya yi sheƙi. Launi biyar. Da su na sake rina firam da ribom da fure da rubutu, aikin da bai ci mini dare biyu ba. Furen da ya ƙi karɓar launin na cire shi. Shuɗin da na lalata hotuna ina nema saboda anko, ashe yana nan a kan Baba tun farko.

Ba na cewa kada a taɓa hoto. Waya takan yi ƙarya ita ma: ta sa farar riga ta yi ɗorawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ta duhunta fuskar wanda ya ba rana baya. Gyara wannan mayar da hoto ne ga abin da ido ya gani, kuma aikinmu ne. Abin da na yi dabam ne, na kawar da hoto daga abin da ido ya gani zuwa abin da shafina ke so. Tun daga lokacin idona ya buɗe a kan yadda abin ya zama ruwan dare a wurinmu. Duba katunan biki da kalandun da ake bugawa a Damagaram da Maraɗi da Kano. Amarya baƙa kyakkyawa an mayar da ita fara sol har danginta sai sun karanta suna. Tsoho an goge masa tsagen fuska. Gidan ƙasa an dasa masa koriyar ciyawa a ƙofa. Galibi ba wanda ya roƙi a yi haka, mai zanen ne ya ga ya fi kyau, kamar yadda na gani. Abin yana damuna ƙwarai, don yaran da za su buɗe waɗannan hotuna nan da shekara talatin ba su da Gwaggon da za ta ce musu ba haka fuskar take ba. Kuma a garuruwa irin Bilma, inda hoton mutum guda yakan rayu a kati guda cikin ƙullin ƙyalle, wanda aka miƙa wa katin amana aka ba shi, ko da shi yana ganin aikin jika talatin ne.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, ko a shago kuke da CorelDraw ko a waya kuke yi, ina roƙonku abu uku da na saya da tsada. Kafin ku buɗe hoton kowa, ku kwafe shi wuri biyu, ku mayar wa mai shi katinsa a hannu. In hoto da ado suka yi faɗa, ku rina adon. In kuma hannunku zai kai ga tufa ko fuska ko ƙasar wani, ku kira mai abin ya zauna kusa da ku.

Kundi na biyu ya bi motar dabino zuwa Agadas wata biyar bayan bikin. Hoton marigayiya yana shafin farko, da zanenta makuba da jan ruwan ramin a bayanta. Amarya ta aiko da saƙon murya ta ce ta gane Inna. A ƙarƙashin hoton, da ƙananan baƙaƙe, na rubuta cewa launin wannan hoto an sake gina shi ne daga zanen marigayiya da shaidar 'yan'uwanta, na asalin ya ɓace a hannun wanda ya haɗa kundin. Baba ya ce ba sai na rubuta ba. Na roƙe shi ya bari, ya bari.